Koya wa Yara Gudu a Kan Ƙanƙara Kafin Su Shiga Wasan Hoki: Tambayoyi da Amsoshi

Iyalan da zama ya kai su Kanada ko jihohin arewacin Amurka sun san wannan rana: yaro ya dawo daga makaranta a tsakiyar hunturu ya ce shi ma hoki yake so ya buga kamar 'yan ajinsu. Uba da uwa kuwa ba wanda ya taɓa ɗora ƙafa a kan ƙanƙara da gangan. Amsoshin nan domin irin waɗannan iyaye ne, kuma sun shafi yara 'yan shekara 3 zuwa 8.

Shekara nawa ya kamata yaro ya kai kafin a fara?

Yawancin azuzuwan koyo suna karɓar yaro daga shekara 3 ko 4. Amma ku duba yaron kafin ku duba takardar haihuwarsa. Idan yana iya tsayawa da ƙafa ɗaya na ɗan daƙiƙu, yana jin umarni gajere ya bi, kuma zai yarda ya rabu da ku na rabin sa'a ba tare da kuka ba, to ya isa. Wanda ya fara yana ɗan shekara 7 ko 8 bai makara ba. Sau da yawa abin da ɗan shekara 4 zai kwashe hunturu guda yana koyo, ɗan shekara 7 zai kama shi cikin 'yan makonni, saboda ƙafarsa ta yi ƙwari kuma yana gane bayani.

A Kanada ku nemi ajin CanSkate, wanda ke da matakai 6. A Amurka ku nemi Learn to Skate USA. Biranen ma suna da nasu azuzuwan a filayen ƙanƙara na unguwa, kuma galibi sun fi araha.

Shi hoki yake so. Me zai hana a ba shi sanda tun ranar farko?

Domin sandar za ta zame masa dogari. Yaron da bai iya tsayuwa da ƙafafunsa ba, da zarar an miƙa masa sanda sai ya jingina nauyinsa a kanta, ya sunkuyar da kai yana neman faifan roban da ake bugawa, ya miƙar da gwiwoyi, ya lanƙwashe daga ƙugu. Wannan tsayuwa idan ta kama jiki, cire ta aiki ne na shekaru. A kowane filin yara za ku ga wanda hannunsa ya iya sarrafa faifai amma kullum shi ne na ƙarshen isa wurin, kuma in kun bi diddigi za ku tarar an yi gaggawar ba shi sanda.

Hoki wasan ƙafa ne kafin ya zama wasan hannu. Ɗan wasa yana riƙe da faifai ɗan lokaci ƙalilan a duk tsawon wasa, sauran lokacin kuwa gudu yake yi, yana juyawa, yana tsayawa, yana komawa da baya. Shawararmu ita ce hunturun farko ya tafi kacokan a kan ƙafa: faɗuwa da tashi, sulɓewa, birki, tsayuwa a ƙafa ɗaya. Sanda tana iya zama a gida ya riƙa buga ƙwallon roba a falo ko a gareji, hakan ba ya ɓata komai.

Wane irin takalmi za mu saya, kuma yaya ake gane lambar da ta dace?

A nan ne iyaye suka fi yin kuskure, kuma kuskuren na tausayi ne. Mun saba sayen wa yaro takalmi da ɗan girma don ya daɗe yana sawa. A takalmin makaranta wannan dabara ce, a takalmin ƙanƙara kuwa ita ce take hana yaro koyo. Ƙarfen da ke ƙarƙashin takalmin kaurinsa bai wuce milimita 3 ba, kuma a kansa duk nauyin yaro yake. In ƙafa tana yawo a ciki, duk abin da yaro ya umarci ƙafarsa ba ya isa ga ƙarfen.

Lambar takalmin hoki tana yin ƙasa da ta takalmin yau da kullum da lamba ɗaya, wani lokaci ɗaya da rabi. Kada ku dogara da lamba kawai, ku gwada ta hanyoyi uku. Na farko, ku zaro shimfiɗar cikin takalmin, yaro ya taka ta a tsaye, diddigensa daidai da ƙarshenta: abin da ya rage a gaban babban yatsa kada ya wuce faɗin yatsan hannu ɗaya. Na biyu, ya sa takalmin ba a ɗaure ba, ya tura ƙafa gaba har yatsu su taɓa hancin takalmin, ku zura yatsa ta bayan diddige. Yatsa ɗaya ya shiga da ƙyar, daidai ne. Biyu suka shiga, ya yi yawa. Na uku, bayan an ɗaure, ya miƙe ya durƙusa kaɗan: diddige bai kamata ya ɗaga ba.

Gwanjo ba laifi ba ne, hasali ma a wannan shekaru shi ya fi dacewa tunda ƙafa kan canja lamba kusan duk shekara. Sai dai ku matse gefen takalmin wajen idon sawu da hannu. In ya lotsa kamar tsohon takalmin ƙwallo, ya mutu, ku ajiye. Ku duba ƙarfen kuma ko ya lanƙwashe, ko tsatsa ta ci shi, ko wasawa ta cinye shi ya yi gajere.

Takalmin masu rawa a kan ƙanƙara daban yake: yana da haƙora a gaban ƙarfen, kuma ƙarfen ya fi tsawo ya fi miƙewa. Yaro zai iya fara tatata da shi, amma wanda hoki ne burinsa gara ya fara da na hoki kai tsaye, don kada ya saba tura ƙasa da haƙoran. Wanda ake ɗaurawa a kan takalmin gida mai ƙarfe biyu kuwa, ku bar shi a kanti. Ba shi da kaifi, ba ya koyar da komai.

Ƙafafunsa suna karkacewa ciki kamar gwame. Idon sawunsa ne ba ƙarfi?

Da wuya. Kusan kullum ɗaya daga abu uku ne: takalmi ya yi girma, takalmi ya mutu, ko ɗauri ya yi sako-sako.

Ga yadda ake ɗaurawa. Yaro ya zauna a benci, ku tsuguna a gabansa ku riƙe takalmin tsakanin gwiwoyinku. Ya buga diddigen a ƙasa sau biyu don ƙafa ta koma baya sosai. Ku daidaita harshen takalmin a tsakiya. Wajen yatsu a ja igiya daidai wa daida, yatsu su iya motsi. Daga tsakiyar ƙafa zuwa inda ƙafa ke lanƙwasawa a ja da ƙarfi, nan ne ke kulle diddige. Ramuka biyu na sama a sassauta kaɗan don ƙwauri ya samu damar karkata gaba. Kada a zagaya ragowar igiya a wuyan takalmin, yana hana gwiwa durƙusawa kuma yana karya takalmin. In igiya ta yi tsawo a sayi gajera.

Safa guda ɗaya, siririya, doguwa. Safa biyu ko mai kauri tana matse jini, sai ƙafa ta fi yin sanyi. Kuma ƙafar wando ba ta shiga cikin takalmi.

Sabon takalmi ne, amma yaron sai zamewa yake ta gefe. Me ya faru?

Mai yiwuwa ba a wasa shi ba. Yawancin sababbin takalma dakusassu suke fitowa daga kamfani, sai an kai wa mai wasawa, kuma akwai shi a shagunan kayan wasa da filaye da yawa.

Ƙasan ƙarfen ba baki ɗaya ba ne irin na wuƙa. Injin wasawa yana yi masa ɗan kwarmi a tsakiya, sai ya fito da baki biyu, na ciki da na waje, kuma duk fasahar gudun ƙanƙara a kan waɗannan bakuna biyu take. Zurfin kwarmin da aka fi yi shi ne wanda ake kira rabin inci. In kwarmi ya fi haka zurfi, ƙarfen yana cizon ƙanƙara sosai, birki ya yi wa mai koyo wuya. In ya fi haka faɗi, kamar 5/8 na inci, yana sulɓewa da sauƙi amma riƙonsa ya ragu. Ku ce a yi rabin inci, ya wadatar a farko.

A sake wasawa bayan kamar sa'o'i 10 zuwa 15 na hawa, ko da wuri in a filin waje yake wasa, ko ya taka siminti. Gwajin gida: ku goga bayan farce a hankali a kan bakin ƙarfen, in ya kankare ɗan gari akwai kaifi. Bayan kowane hawa a share ƙarfen da tsumma har ya bushe. Murfin roba mai tauri na tafiya ne kawai; in aka ajiye takalmi a cikinsa da danshi, kwana biyu tsatsa ta fito. Na ajiya shi ne murfin yadi.

Wane kayan kariya ne dole?

Hular kwano ta hoki ita ce ta farko, mai tambarin tabbatar da inganci na CSA a Kanada ko na HECC a Amurka. CanSkate ba ya barin yaro ya hau ƙanƙara babu ita har ya gama mataki na 5. Hular keke ba ta maye gurbinta: an yi ta don bugu ɗaya mai ƙarfi, ba ta rufe ƙeya sosai, alhali mai koyo ta baya ya fi faɗuwa, kuma sau da yawa a rana. A haɗa da ragar fuska, domin haɓa da haƙora su ne ke fara isa ƙasa in an faɗi ta gaba. Hula ta zauna kamar faɗin yatsa ɗaya a saman gira, in yaro ya girgiza kai kada ta yi rawa, haɓa kuma ta zauna cikin ɗan kofin ragar. Ita kam ba mu son a saya gwanjo, saboda tsagewar ciki ba ta ganuwa, kuma tambarin HECC yana da ranar ƙarewa.

Ga 'yan mata akwai maganar kitso. A gwada hular da irin kitson da yarinya za ta riƙa zuwa da shi. Shuku da duk kitson da ke taruwa a tsakar kai suna ɗaga hula daga mazauninta. Wanda ya kwanta ya gangara baya zuwa wuya shi ne daidai, kuma babu duwatsu ko ƙarafan ado a ƙarƙashin hula, don in ta bugu su ne za su shige fatar kai. Mai sa hijabi ta sa siririn nan na wasanni mai kama kai, wanda ba ya buƙatar fil, a cusa ƙasansa cikin riga.

Sai safar hannu mai kauri marar shan ruwa, wadda aikinta har da kare yatsu daga ƙarfen wani yaro, da wandon dusar ƙanƙara mai laushi wanda ke rage zafin faɗuwa. Dogon mayafin wuya mai lilo bai dace ba. Idan aka shiga hoki sosai za a ƙara makarin ƙwauri, na gwiwar hannu, na kafaɗa, wando mai katifa, makarin gaba da makarin wuya. Wannan na ƙarshe hukumar hoki ta Kanada, Hockey Canada, ta daɗe da wajabta shi ga yara, takwararta ta Amurka, USA Hockey, ma ta wajabta shi daga 1 ga Agusta 2024, bayan rasuwar ɗan wasa Adam Johnson a Ingila a Oktoban 2023 sakamakon yankan ƙarfen takalmi a wuya.

Me ake koyarwa a ranar farko?

Faɗuwa da tashi. Wasu iyaye ransu kan ɓaci su ga sun biya kuɗi yaro yana ta birgima a ƙasa, amma koci mai hankali da nan yake farawa, tun ma a kan shimfiɗar roba kafin a shiga fili. Yaron da ya san zai iya tashi da kansa ba ya tsoron faɗuwa, wanda ba ya tsoron faɗuwa kuma jikinsa a sake yake.

Faɗuwa: da ya ji zai tafi, ya durƙusa ƙasa-ƙasa, hannaye a gaba, ya saki jiki ta gefe a kan cinya da ɗuwawu, haɓa a manne da ƙirji. Abin gudu shi ne miƙewa tsaye ana wulwula hannaye, wannan ke kai ƙeya ƙasa. Da ya faɗi ya dunƙule yatsu.

Tashi: ya juya ya yi rarrafe, gwiwoyi da hannaye a ƙasa. Ya ɗago ƙafa ɗaya ya dasa ƙarfen a miƙe. Ya ɗora hannaye biyu a kan wannan gwiwa ya danna, ya jawo ɗaya ƙafar kusa da 'yar'uwarta, ya miƙe a hankali gwiwoyi a lanƙwashe. In ya kasa, duba ko ƙarfen da ya dasa a kwance yake ta gefe, ko kuma yana ƙoƙarin tashi daga zaune. Ku daure kada ku ɗaga shi duk lokacin da ya faɗi. Sau biyar ko goma a kowane darasi, cikin wasa, har ya zama ba ya tunani.

Bayan ya iya tashi, me ke biye?

Tsayuwa. Ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, gwiwoyi a lanƙwashe har su rufe masa ganin hancin takalminsa, ƙirji a sama, ido a gaba. A ce masa ya zauna a kujerar da ba a gani. Kalmar da za ku fi ji daga bakin koci duk tsawon shekarun nan ita ce a lanƙwasa gwiwa, kuma da dalili: gwiwar da ta miƙe ba ta da abin da za ta tura da shi, kamar majajjawar da ba a ja ba.

Daga nan sai ƙananan taku irin na fareti, yana ɗaga ƙafa yana direwa, yatsu sun ɗan buɗe waje kamar agwagwa. Taku huɗu ko biyar, sai ya haɗa ƙafafu ya bari ƙanƙara ta tafi da shi. Wannan sululun farko shi ne lokacin da fuskar yaro ke canjawa. Idan ya kama, sai ya riƙa tsugunawa yana cikin tafiya, ya taɓa gwiwa, ya taɓa takalmi, ya miƙe.

Sai zanen lemo: diddige a haɗe, yatsu a waje, ya durƙusa ya danna bakin ciki har ƙafafu su buɗe, sannan ya juyo da yatsu ciki su sake haɗuwa. Sawun da zai bari a ƙanƙara kamar lemon tsami ne a jere. Nan yake fara jin bakin ƙarfen. Masu maƙalewa ƙafa a wage, sun buɗe fiye da kima ne ko sun miƙe tsaye a tsakiya.

Bayan haka tura da ƙafa ɗaya, sulɓewa a ɗayar. A tura gefe da ɗan baya, da dukan tsawon ƙarfen, har ƙafa ta miƙe sarai, sannan a dawo da ita ƙarƙashin jiki a ƙasa-ƙasa. Yaron da ya tura baya kai tsaye kamar mai gudu a turɓaya, ƙarfen zai zame masa, ya yi ta wahala ba ya gaba. Mizanin ci gaba mafi gaskiya shi ne tsawon sulɓewarsa a ƙafa ɗaya. Daƙiƙa 2 a farko, sannan 5, a dama da hagu. Ku lura da ƙafar da ba ya so, ita za a ninka wa aiki.

Yana gudu amma bai iya tsayawa ba sai ya daki bango. Yaya ake koya birki?

A fara a tsaye, yana riƙe da bango. Ya tura ƙafa ɗaya gefe, ƙarfen kusan a miƙe, yana kankare saman ƙanƙara har gari ya taru. Koci kan zana wani abu da alƙalami a ƙanƙara ya ce a goge shi da takalmi, yara suna son wannan. In ƙarfen ya ƙi zamewa ya cije, an kwantar da shi ciki da yawa.

Sannan a cikin tafiya a hankali: ƙafafu biyu a ƙasa, durƙusa, yatsu su juyo ciki, diddige waje, a tura kamar yadda aka yi a bango. Da ƙafa ɗaya tukuna, sannan biyu. Wanda ya tuntsura gaba ya danna da ƙarfi farat ɗaya. Wanda ya juya kamar gare ya bar kafaɗarsa ta bi ƙafar. Birkin nan na gefe da manya ke yi ƙanƙara na feshi, daga wannan yake tsirowa, kuma yakan ɗauki hunturu ɗaya ko biyu. A nace ya koye shi ta ɓangarori biyu tun farko. Yaran da suka iya tsayawa ta gefe ɗaya kawai suna da yawa, har cikin 'yan shekara 12.

Abin turawa da ake bayarwa a fili fa? Ko mu riƙe masa hannu?

Abin turawa ya yi minti biyar ko goma a rana ta farko ga yaro mai tsoro, daga nan a janye. Yana koya jingina gaba da miƙe gwiwa, irin matsalar sanda. Riƙe hannu daga sama yana rataye yaro, nauyinsa ya bar ƙafarsa. In kun iya hawa, ku tsaya a gabansa kuna fuskantarsa, tafukanku a buɗe ƙasa daidai ƙugunsa, ya ɗora nasa in ya buƙata. In ba ku iya ba, ku zauna a bayan gilashi. Kada a ɗauki yaro a hannu a kan ƙanƙara ko da wasa.

Tafiya da baya da ƙetara ƙafa a kwana, yaushe?

Baya tana iya farawa da wuri: ƙananan taku yatsu a ciki, sannan kaɗa ƙugu hagu da dama, sannan zanen lemo da baya. Ya riƙa waiwaye ta kafaɗa. Ƙetara ƙafa kuwa sai ya iya tsayawa a bakin waje na ƙafar ciki, wanda shi ne abu mafi ban tsoro ga mai koyo. A fara da takawa gefe a kan layi, ƙafa bisa ƙafa, sannan a kan da'irorin da aka zana a fili.

Sau nawa a mako? Akwai abin da za a yi a gida?

Sau biyu ko uku na minti 30 zuwa 45 sun fi sau ɗaya na sa'o'i biyu. Darasi ɗaya da koci, sauran a lokacin da ake buɗe fili ga kowa, inda zai yi ta guje-guje da tsararsa ba mai gyara masa. Birane da yawa a Kanada suna da filayen waje kyauta a unguwanni.

A gida, langa ta fi kowane atisaye da za a saya da kuɗi: tsalle a ƙafa ɗaya, riƙe jiki, canja ƙafa. A ƙara da tsuguno da tashi sau goma, da tsallen gefe daga ƙafa zuwa ƙafa. Ya sa takalmin da murfin roba ya zagaya a kan kafet, ya gwada faɗuwa da tashi. Da bazara a bar shi ya yi ƙwallon ƙafa da iyo da keke.

Ya yi kuka ya ce ba zai koma ba.

Ku cire takalmin ku duba ƙafar tukuna. Jan tabo, yatsu masu sanyi ƙalau, safa da ta naɗe, safar hannu da ta jiƙe, yunwa, ko fitsari da ya matse shi cikin kaya masu wuyar cirewa: yawancin kukan daga nan yake. A kai shi banɗaki kafin a sa kaya, a ba shi ɗan abin taɓawa sa'a guda kafin darasi. In duk wannan lafiya, a taƙaita hawan zuwa minti 15, a fita tun yana jin daɗi. Kada a kwatanta shi da ɗan maƙwabci wanda aka haifa kusa da fili. Ɗan shekara 3 ko 4 da ya yi makonni yana ƙi, a huta masa zuwa baɗi.

Yaronmu yana da sikila, ko asma. Zai iya?

Mai sikila sai da izinin likitansa, kuma wannan ba maganar wasa ba ce. Sanyi, ƙarancin ruwa a jiki da gajiya mai tsanani duk suna tayar da ciwon, ga shi filin ƙanƙara ya tara ukun. In likita ya amince, to hawa gajere, kaya masu ɗumi hawa-hawa, shan ruwa kafin da lokacin da bayan wasa, a cire jiƙaƙƙun kaya nan take, kuma koci ya san halin da ake ciki. Mai asma kuma iska mai sanyi da bushewa na iya tayar masa. Abin shaƙarsa ya kasance a benci, ba a mota ba.

Ga kowane yaro a filin waje, ƙungiyar likitocin yara ta Kanada tana ba da shawarar a zauna a gida in sanyi, ko sanyi haɗe da iska, ya kai digiri 27 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius. Ku riƙa duba kunne, kumatu da yatsu. A fata mai duhu cizon sanyi yakan fito toka-toka ko ya yi haske, wurin ya yi tauri ya daina ji. A ɗumama a hankali da ɗumin jiki ko ruwa mai ɗumi, kada a murza.

In ya bugu a kai fa?

Hula tana kare ƙoƙon kai daga fashewa, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza. In bayan bugu ya yi ƙorafin ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ko kun ga ya rikice, ya sauka daga fili, kuma ba zai koma ba a ranar sai likita ya gan shi. Amai a kai a kai, suma, ciwon wuya ko barcin da ba a iya tashe shi, asibitin gaggawa kai tsaye. A lardin Ontariyo na Kanada akwai doka a kan wannan tun 2018.

Tafkin bayan gidanmu ya daskare, yara suna hawa. Mu bar shi?

Ma'aunin da Red Cross ta Kanada ta bayar shi ne kauri santimita 15 ga mutum ɗaya, 20 ga taron masu wasa. Ƙanƙara mai shuɗi garau ita ce mai ƙarfi, fara rabin ƙarfinta gare ta, mai ruwan toka kuwa akwai ruwa a cikinta, ba a takawa. Kududdufan da ake haƙawa a sababbin unguwanni don tara ruwan sama su ne mafi haɗari, domin ruwa na gudana a ƙarƙashi kuma gishirin titi yana shiga. A bar yaro ya hau inda hukuma ta auna ta buɗe kawai. Ko filin ƙanƙarar mashigin ruwa na Rideau a Otawa, mai tsawon kilomita 7.8, bai buɗe ba sam a hunturun 2022 zuwa 2023 saboda ƙanƙarar ba ta yi kauri ba.

Namu sun taɓa yin nisa a wannan wasa? 'Ya mace fa?

Rumun Ndur a Zariya aka haife shi a 1975, ya tashi a Ontariyo, ya buga wa Buffalo Sabres da New York Rangers da Atlanta Thrashers a NHL, babbar gasar hoki ta ƙwararru a Kanada da Amurka. Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya daɗe yana kyaftin ɗin Calgary Flames. Nazem Kadri, Musulmi, ya ci kofin Stanley, wato kofin gasar NHL, a 2022 ya kai shi masallacin garinsu, Landan ta Ontariyo. Hokin mata yana cikin gasar Olamfik tun 1998, kuma garuruwa da yawa suna da ƙungiyoyin 'yan mata zalla. Koyon ƙafa iri ɗaya ne ga mace da namiji.

Yaushe ya isa shiga ƙungiya, kuma yaya za a yanka masa sanda?

In yana tashi da kansa cikin sauri, yana ratsa fili ba ya neman bango, yana sulɓewa a kowace ƙafa na daƙiƙa 2 ko 3, yana tsayawa in an ce tsaya, kuma yana ɗan tafiya da baya, ya isa. A Kanada rukunin farko shi ne U7, na 'yan ƙasa da shekara 7. Tun kakar 2017 zuwa 2018 a ƙaramin yanki na fili suke wasa, da shuɗin faifai mai nauyin kusan giram 113 maimakon baƙin mai kusan 170. Bangazar jiki haramun ce a wannan shekaru, sai rukunin U15. Don rage kuɗi ku tambayi shirin First Shift na 'yan shekara 6 zuwa 10 da ba su taɓa shiga ba, wanda ke haɗawa da kaya daga kai zuwa ƙafa, da kuma tallafin ƙungiyoyin agaji na KidSport da Jumpstart.

Sanda ta yara za a saya, siririya mai laushi, kada a yanke ta manya, ta yi wa hannunsa kauri kuma ba zai iya lanƙwasa ta ba. Ya tsaya da takalmin ƙanƙara, a dasa sandar a tsaye a gabansa, a yanka tsakanin haɓa da hanci. Doguwar sanda tana miƙar da yaro tsaye ta rushe durƙuson da aka yi hunturu guda ana ginawa. Don gane ɓangarensa, ku miƙa masa tsintsiya mai dogon mariƙi ku ga yadda zai kama. Galibi hannun da yake rubutu da shi ne ke zama a sama. A naɗe kan sandar da tef har ya yi ɗan ƙulli, don kada ta suɓuce kuma ya iya ɗaukarta daga ƙasa da safar hannu.